Sakan Takwas na Juyawa Hagu

Juma'a, 3 ga Oktoba 1997, biyar na yamma. Bawku.

Zan rubuta abin da na sani kawai, ba abin da ake faɗi a tasha ba.

Ranar Talata aka kunna danjar mararrabar kasuwar doya. Ni na zana ta, a shekarar nan tawa ta hidimar ƙasa a ofishin hanyoyi. Motar da ta taso daga kudu, in za ta shiga kasuwa, dole ta juya hagu ta ratsa hannun masu gangarowa daga cikin gari. Shi ya sa na ba ta koriyar kibiya tata ta kanta: kibiya na kamawa, masu gangarowa suna kan ja. A zanena kibiyar sakan ashirin da biyu ce. A akwatin sarrafa wutar da aka kafa takwas ce. Na auna da agogona har idona ya gaji. Takwas.

Wurin tsayawar hawa ne. Motar doya ba ta tsayuwa a hawa da birki kaɗai. Duk ɗan gidanmu ya san haka, da motar doya aka raine mu. Sai met ya diro ya cusa weji, guntun katakon nan, a bayan taya. (Yaron mota ake ce musu ko sun yi furfura.) Kibiya ta kama, direba ya ja gaba kaɗan, met ya zare wejin, ya bi motar a guje yana rungume da shi, ya jefa ciki, ya kama tsani ya hau. Duk a tsakiyar mararraba. Ba zai iya barin motar ta tafi ba, domin bayan kwanar akwai wani hawan. In ta mutu a can babu weji, baya za ta dawo da doyarta.

Jiya kasuwa ce, kwana uku-uku take ci. Sunansa Amidu, met ɗin wata mota daga Bimbilla. Mai tasin da ya gangaro ya buge shi, kore ya gani. Bai karya doka ba, wannan ma dole in rubuta.

Amidu yana asibiti.

Asabar, 4 ga wata, azahar.

Na sami shugabana Injiniya Kassim a ofis duk da Asabar ce. Na shimfiɗa masa zanen, na nuna masa inda na rubuta "lokacin weji, sakan goma sha huɗu", da jan layin da babban ofis ya ja a kai.

Ya ce, "Na gani tun sa'ad da ya dawo, Sahadatu. Littafinsu babu shafin weji. Sun ce kibiya mai tsawo za ta tara layi a babban titi."

Na ce to a buɗe akwatin a ƙara.

"Akwatin na ɗan kwangila ne har ƙarshen wata mai zuwa. Muka taɓa shi, duk abin da ya lalace a wuyanmu."

"To a kashe ta, ranka ya daɗe."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Wutar da manya suka zo da makaɗa suka buɗe ranar Talata? Ke za ki je ki faɗa musu?"

Ba mugu ba ne. Ya ce in rubuta, zai sa hannu. Na rubuta, ya sa.

Lahadi, 5 ga wata, la'asar.

Kasuwa. Na tsaya ƙarƙashin dalbejiya tun safe. Babu met ɗin da ya gama hawa kafin kibiya ta mutu, ko ɗaya. Samarin ma a rabin hanya wutar ke barinsu. Wani ya sha da ƙyar, madubin bas ya goge masa riga, ya hau yana dariya yana zagin uwar direban. 'Yan kallo suka yi tafi. Yanzu har mutane ke zuwa kallo, da yaransu.

Na je wajen sajan na 'yan sanda. Ya ce, "Madam, ku kun kawo wuta don mu huta, yanzu ka zo ka ce in tsaya in hana mutum tafiya a kan kore? Wane doka zan gaya masa?"

Litinin, 6 ga wata, sha ɗaya na safe.

Na je asibiti. Ban shiga ɗakin ba.

Matarsa tana zaune a baranda da goyo, sunanta Damata. Ta tambaye ni ko ni ma'aikaciya ce a nan, na ce a'a. Ko 'yar'uwar mai tasi, na ce a'a. Ba ta sake tambaya ba, ni ma ban ƙara ba. Ta ce in na san wurin, don Allah in duba mata wejin. Duk sa'ad da ya farfaɗo shi yake tambaya, wai na maigidansa ne, kada a ce ya yar.

Na same shi a bakin kwalbati, wata mai gasa masara ta mai da shi kujera. Na kai tasha na ba wa 'yan Bimbilla.

Laraba, 8 ga wata, magariba.

Kasuwa. Babu wanda aka taɓa. Takwas.

Alhamis, 9 ga wata, la'asar.

Sun wuce da gawar Amidu ta bayan gidanmu bayan azahar. Na ji salati, na rufe taga.

Mma Atikatu, mai gidan da nake haya, ta kawo tuwo ta ajiye. Ta ce, "Madam, ka ci. Kwana na mutum ne ya ƙare." Na ce haka ne. Ban ci ba.

Juma'a, 10 ga wata, uku na rana.

Babu amsa daga babban ofis.

Na je ƙungiyar direbobi na roƙe su su riƙa bin tsohuwar hanyar bayan masallaci. Shugabansu ya ce gadar can ta karye tun damina, ko jaki sai an lallashe shi. Na san haka, ofishinmu ne bai gyara ba. Na ce to met biyu, ɗaya ya jira a can bayan kwana da wani wejin. Suka yi dariya. Wani ya ce, "Injiniya, met ɗaya ma da ƙyar yana ci."

Ina fita wani direban Salaga, garinmu, ya kira ni da sunan gida. Ya ce Yaya Mikaila ya ce a gaishe ni, yana nan tafe da doya kasuwar ranar ashirin ga wata.

Met ɗin Yaya Mikaila Kawu Sidiku ne, ƙanin Mma mahaifiyarmu. Shi ke riƙe weji tun zamanin Baba. Ya haura hamsin, gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa sosai tun da buhun goro ya faɗo masa.

Na koma ofis na tambayi inda ma'aikacin ɗan kwangilar yake, wanda ya haɗa akwatin. Mahama ne sunansa, yana Yendi yana kafa fitilun titi. Injiniya Kassim ya ba ni mako guda, ya ce in rubuta "duba aiki".

Asabar, 11 ga wata, safe.

Kasuwa. Ban je ba. Na yi wanki, na sake wanke abin da na wanke.

Litinin, 13 ga wata, biyar na yamma. Yendi.

Na sami Mahama a saman tsani, waya a baki. Ya sauko, ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba. Ya riga ya ji labarin. Ya saya mini ruwan sanyi.

Ya fito da mabuɗin daga wuyansa ya nuna mini. Wani ɗan ƙaramin abu, kamar na akwatin amarya. Na ƙura masa ido.

Ya ce, "Madam, mabuɗi yana buɗe ƙofa kawai. Lokaci ba ya hannuna. Lokaci yana cikin wani ƙaramin kati, a Accra aka sa masa takwas, aka liƙe. In ana son ashirin da biyu, sai a aika a yi sabon kati."

Na ce wata nawa?

Ya ɗaga kafaɗa. "Wannan na farko ma wata huɗu ya yi a hanya."

Na ce to me mabuɗin zai iya yi? Ya ce abu ɗaya: a mai da duka fitilun su riƙa ƙyafta ruwan ɗorawa, kowa ya wuce da idonsa kamar da. Na ce wannan ya isa. Wallahi ya isa. Da ai da ido ake wucewa, mai gangarowa ya ga met a guje ya taka birki. Yanzu ba met yake kallo ba, sama yake kallo.

Ya ce, "Ka kawo mini takarda daga masa na mai kwangila, ko daga naku babba, yau ɗin nan na shiga mota. Babu takarda na buɗe, gobe ba ni da aiki. Yara biyar, Madam."

Na ce ya ara mini mabuɗin, ba wanda zai sani. Ni na faɗi haka, da bakina. Ya mai da shi cikin riga a hankali, ya ce, "Kai ma ka san duk Bawku mabuɗi ɗaya ne."

Na kira ofis daga gidan waya. Injiniya Kassim ya ce shi ba shi da ikon ba da wannan umarni, amma zai sake rubutawa. Layin ya yanke.

Talata, 14 ga wata, safe. Yendi.

Yau kasuwar Bawku. Ina jiran motar Salaga.

Alhamis, 16 ga wata, bayan azahar. Salaga.

Jiya na iso. Mma ta ce na rame, ta tambaya ko abincin Bawku ne. Na ce shi ne.

Da safe na sami su Yaya a bakin rumfar doya ana lodi. Kawu ne ya fara hango ni daga saman motar.

"Jama'a, ku tashi tsaye! Ga mai wutar Bawku! 'Yata ce, a kafaɗar nan ta yi fitsari, yau ita ke tsai da motocin gwamnati!"

Masu lodi suka yi ta dariya. Ashe duk tashar Salaga babu wanda bai gaya wa ba.

Na ja Yaya gefe na faɗa masa komai, da lambobin. Ya saurara yana goge hannu da tsumma. Na ce ya kai doyar Tamale. Ya ce ta mutane ce, dillalansu na Bawku, albasar da zai dawo da ita ma tana can tana jira. Na ce a gyara birkin hannu. Ya ce, "Ƙanwata, birkin hannun nan lafiyarsa lau in motar babu kaya. Ki dubi abin da ke kanta." Na ce to ya ɗauki wani yaro mai gudu, tafiyar nan kaɗai.

Ya ce, "Je ki faɗa masa da kanki. Ni ba zan iya ba."

Na je. Kawu yana zaune a kan wejinsa yana cin goro. Ban kai ga rabin maganar ba ya ɗaga hannu.

"Na Bimbilla? Mun ji tun washegari. Allah ya jiƙansa, na san ubansa." Ya tofar da goron. "Wato ki ce in zauna gida da mata, wani ɗan jiya ya riƙe wa Mikaila weji a gangaren Nakpanduri? In ya sa shi a karkace fa? Wa zai kawo wa uwarki labari?"

Na ce, "Kawu, sakan takwas ne."

"Nawa ne takwas ɗin?"

Na ƙirga masa a agogo. Ya bi bakina da ido har na gama. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ya shafa gwiwarsa. Na zaci zai yarda. Sai ya yi murmushi ya ce, "To ai wutarki ce. In ta ga ni ne za ta ji kunya ta jira."

Juma'a, 17 ga wata, la'asar. Salaga.

Kasuwar Bawku yau ma. Ban san kome ba, nan babu mai sani.

Mma ta ce, "Me ke tsakaninki da kawunki? Ya ce kin raina ƙafarsa." Na ce wasa ne. Tana tsinke zogale, ba ta ɗago ba, ta ce, "Shi kaɗai ya rage mini a ɗakinmu." Ban sani ba ko ta sani.

Zan bi su.

Lahadi, 19 ga wata, azahar. Bayan Gushegu.

Jiya mun kwana Yendi. Ina gaba, tsakanin Yaya da buhun gari, Kawu yana bisa kaya.

Mun tsaya a wani ɗan hawa don injin ya huce. Da za mu tashi na leƙa ta taga da agogo a tafin hannu, yadda ba zai gani ba. Daga jan motar zuwa ƙafarsa a kan tsani: goma sha tara. A fili, babu kowa, babu gaggawa. Ko a zanena ma da ƙyar.

Yaya ya ce, "Nawa?" Ashe ya gani. Na faɗa masa. Da muka yi nisa sai ya ce in ya ƙi tsayawa fa, ya danna oda ya shige a kan ja? Na ce da wannan nauyin, in bas ta gangaro, ba mutum ɗaya za a ɗauka ba. Ya ce ya sani, tambaya kawai ya yi.

Litinin, 20 ga wata, bayan magariba. Bawku.



Mun shigo da hantsi. Kafin mararraba na ce Yaya ya sauke ni. Ban shirya kome ba, gaskiya ke nan, a hanya ban san abin da zan yi ba. Na tsallaka na je layin masu gangarowa, inda na sa aka shafa farin fenti. Tasi ce a gaba, bayanta bas. Suna kan ja. Na ga motarmu ta tsaya, Kawu ya sauko da baya da baya, ya cusa weji. Kibiya ta kama. Na shiga gaban tasin na tsaya, na ɗaga hannu.

Ban ga lokacin da kore ya kama ba, a bayana yake. Oda ce ta gaya mini. Mai tasin ya leƙo, "Kai, mahaukaciya ne? Wuta ya ba ni!" Na bas ya fi shi baki, ba zan rubuta nasa ba. Tasin ta matso har ƙarfenta ya taɓa zanen jikina. Ina kallon Kawu ta gefen ido, yana tafe yana jan ƙafar, weji a ƙirji, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba. Ya jefa. Ya kama tsani, hannu ɗaya ya zame, ya sake kamawa. Ya hau.

Na matsa. Suka wuce suna zagi.

Na ɗauki hular zan bi su kasuwa, sai na ga wata motar doya ta tsaya a hawan, met ɗinta ya diro. Ban san shi ba. Na koma gaban layin.

Haka har la'asar. Ban ƙirga ba, karon farko a rayuwata ban ƙirga ba. Mai gasa masara ta ba ni ruwa. Wasu direbobin da suka gane sun riƙa jira da kansu, baƙi kuwa sai na tsaya. Wani ya jefe ni da ɓawon lemo. Sajan ya zo ya kalla, ya tafi. Wajen azahar motar ofis ta gangaro, Injiniya Kassim a ciki. Shi ma na tsai da shi. Bai sauke gilashi ba.

Talata, 21 ga wata, azahar.

Ya kira ni da safe. Bai yi faɗa ba. Ya ce maganar ta kai sama tun jiya, wai ma'aikaciyar ofis tana nuna wa gari cewa aikin ofis bai yi ba. Ya ce kuma in tasi ta taka ni, shi zai je Salaga ya yi bayani. Akwai aunen kwalbatoci a Gambaga, mako uku, gobe mota za ta kai ni. In na ƙi, ba zai iya sa hannu a takardar gama hidimata ba, kuma ba daga shi ba ne.

Na ce katin fa? Ya ce an amsa, wai ana dubawa.

Na je kasuwa, su Yaya sun gama lodin albasa. Na miƙa wa Kawu hularsa. Yau bai kira jama'a su tashi tsaye ba. Ya karkaɗe ta, ya sa, ya ce in zauna kusa da shi.

"Jiya da na kama tsanin nan, na waiwaya na gan ki gaban motar mutane kamar akuyar da aka ɗaure. Ban ji daɗi ba, Sahadatu."

Na ce ni ma.

"Gajere ne ƙwarai, takwas ɗin nan naku." Ya gyara zaman hularsa. "Mikaila ya karɓi wani lodin. Lahadi muna nan. Za ki tsaya?"

Na buɗe baki. Yaya ya danna oda, Kawu ya tashi ya ɗauki wejinsa, bai jira amsar ba. Ina jin ya ɗauka ya san ta.

Alhamis, 23 ga wata, safe. Gambaga.

Kasuwar Bawku. Na auna kwalbati huɗu.

Asabar, 25 ga wata, la'asar. Gambaga.

Na nemi mota. Ta Bawku sai gobe da rana, in ta cika. Direban ofis ya tafi da tamu. Na ba wani mai babur saƙo zuwa Nakpanduri, ko zai ga motar doya mai koren kai ya ce musu ba na nan. Ya ce to. Bai tambayi sunan kowa ba.

Lahadi, 26 ga wata, hantsi. Gambaga.

Yanzu suna hawan. Zai sauko da baya da baya, ya leƙa layin can ya neme ni.